Baba Jaji Mai Makullin Ruwa

Baba Jaji ko aji ɗaya bai taɓa zama ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Shekara ashirin ya yi yana masinja a kotu, yana kiran masu ƙara. Da ya yi ritaya a 1983 ya dawo Bunkure, aka ba shi makullin ƙofar kanal, shi ke sakar wa manoman rani ruwa.

Ni kuwa malamin sakandare ne, da takardata. Mako uku na yi ina koya wa 'yan aji huɗu bambancin shari'ar haƙƙi da ta laifi, suna hamma. Ashe da an tashi, bakin kanal suke nufa, har da 'yata Zuliha.

Na bi su rannan. Na tarar da tsohon nan a kan siminti, ya miƙe ƙafa.

"Idan ruwan maƙwabci ya cinye maka tumatir," in ji shi, "tsakaninku ne. Ka kai ƙara, ko ka yafe. Amma wanda ya fasa kwaɗon ƙofar nan, kowa ya taɓa. Ko na yafe, hukuma ba ta yafe ba."

Shi ke nan fa, sun gane! Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. A jarrabawa kowace takarda kwaɗo da tumatir, babu wanda ya kawo jimlata ko ɗaya. Na daina gaishe shi.

Ni ma ina noman rani. Da alkamata ta fara bushewa, girman kai ya hana ni roƙonsa ruwa. Ranar kasuwar Kura, da hantsi, na sa dutse na fasa kwaɗon. Ruwan ya wuce gonata, ya kwanta a tumatirin Baba Jaji.

Da yamma ya zo gidana, babu ko faɗa.

"Malam, tumatir dai na yafe."

Na ji sanyi, har na miƙa masa hannu. Zuliha tana tsaye da butar alwalata. Ta dubi tsohon, sannan ta dube ni.

"Baba," ta ce a hankali, "nasa ya yafe. Saura kwaɗon."

Amsar daidai ce, da a aji ne sai na ba ta maki goma. Ko a wannan ranar, abin da ya fi ci min rai shi ne ba a bakina ta koya ba.