Matar Barden Ingila da Iyakar Gonarmu

Baffana, ƙanen mahaifina, ya cinye mana kunya tara a gonarmu ta bayan gari. Ba a lokaci ɗaya ya yi ba. Duk damina sai ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka, ya matso da ita kunya uku cikin tamu. Lokacin Baba ya tafi soja, shekara uku ba wasiƙa, ga fari, sai ka zura hannu har kafaɗa kafin ka taɓa gero a rumbu.

Ina aji shida a firamare a Ɗanbatta, iyakar bokona ke nan. Malam ya nuna mana hoton wani kabari a Ingila: an sassaƙa barde da dutse, kwance cikin sulkensa, kare a ƙafarsa, matarsa a gefe. Ya ce mutumin ya bar gida ya tafi yaƙin Ƙudus tun zamanin takobi. Musulmi ya je yaƙa, don haka ba ruwana da shi. Matar ce ta tsaya min a rai. 'Yan uwansa suka ce ya mutu, ta ba su makullai. Ta hana. Ita ta riƙe gonaki, ta ciyar da masu yi masa noma, ta raini 'ya'ya, har ya dawo da furfura.

Na ba Inna labarin tana surfe. Ta ce, "Ita wannan tana da ganuwa da kare. Ni me gare ni, taɓarya?" Ta yi dariya. Amma da ruwa ya sauka, sai ta yafa mayafi ta je ta dasa lalle daidai inda gambar ta tsaya. Ta zauna a wurin har Baffa ya iso da fartanya, ya ganta, ya juya. Iyaka ba ta ƙara motsi ba. Kunya taran nan dai sun tafi. Baba bai dawo ba, kuma ba wanda ya sassaƙa Inna da dutse. Da lallen ya girma, ganyensa take shanyawa ta aika kasuwa, da shi muka ci tuwo.

Bara Baffa ya kwanta ciwo, ya aiko in zo. Ya kama hannuna yana neman gafara. Na ce, "Baffa, Inna ta yafe maka tun kafin ta rasu, ita ce mai irin wannan zuciyar. Ni ba ni da ita. Ka sa 'ya'yanka su mayar da gambar nan inda Baba ya bar ta, sannan mu yi maganar lahira."