Raƙumin Bangon Kamfaninmu

Lokacin da nake aiki a wani kamfanin alawa a Bompai, liƙa kwali ne aikina. A jikin takardar alawarmu akwai hoton raƙumi, tsayinsa inci uku, faɗinsa inci biyu.

Wata shekara manaja ya kira mai fenti ya zana raƙumin a bangon ƙofar shiga. Bangon ƙafa goma sha biyu ne tsayinsa, faɗinsa ma haka, mutumin kuwa ya baje hoton ya cike bangon kaf. Sai ga raƙumi da ƙaton ciki, ya bazu kamar saniya mai shirin haihuwa. Direbobin tirela daga Dakata har rage gudu suke yi su yi dariya.

Iyakar karatuna firamare, amma ina son lissafi. Da aka tashi cin abincin rana na zauna da takardar alawa da fensir. Ƙafa goma sha biyu inci ɗari da arba'in da huɗu ke nan. Na raba su gida uku, na samu arba'in da takwas. In an ninka tsayi sau arba'in da takwas, dole a ninka faɗi haka, wato ƙafa takwas kacal.

Na tari manaja a bakin ofis, na nuna masa lissafin. Ya tambaye ni ko na taɓa riƙe burushi.

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Amma in kun yarda, ni in auna, mai fentin ya zana."

Aka shafe bango da farin fenti. Na yanka hoton gida-gida, kowane gida rabin inci, a bango kuwa na ja layi da gawayi, kowane gida ƙafa biyu. Da farko mai fentin ko kallona ba ya yi. Da ya ga wuyan raƙumin ya miƙe daidai, da kansa ya riƙa tambayata gida na nawa gwiwa ta faɗa.

Ranar da muka gama, maigadinmu, wani dattijo mutumin Nijar da ya tashi cikin kiwon raƙuma, ya daɗe yana duban raƙumin.

"Wannan kam zai kai Agadas," in ji shi.

Mako na zagayowa aka ɗauke ni daga liƙa kwali aka mayar da ni ɗakin zane, aka ba ni teburi da rula tawa ta kaina.