Gurbina a waƙar niƙan Inna

Adaidaita sahu nake ja a Dutse. Bayana ya gaji, gwiwata ta gaji, karatuna kuma bai wuce allo da 'yar firamaren da na bari a tsakiya ba. Don haka zan faɗi maganar nan yadda ta zo mini.

Ni ɗan fari ne. A ƙauyenmu, can bayan Aujara, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma kallonsa ido da ido. Kunya ce. Gwaggona ce ta goya ni. In Inna za ta aike ni, sai ta ce da ƙanwata, "Gaya wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta.

Kafin injin niƙa ya zo, a kan dutse take niƙa geronmu, tana durƙushe tana waƙa. Amshin shi ne, "Gero kwanta, dutse ya zo." Bayansa sai ta jera 'ya'yanta, kowa da sunansa da kirarinsa. Amma a farkon jerin, inda ya kamata nawa ya fito, sai ta yi shiru. Dutse ya tafi ya dawo, ba murya. Sannan ta kama sunan mai bi mini. Ba ta taɓa tsallake shirun nan ba, ko tana sauri, ko tana fushi da ni. Ƙannena suna da sunaye a bakinta, ni wannan gurbin nake da shi, kuma ban taɓa jin an ƙware ni ba.

Wata rana na ɗauko wasu ɗalibai 'yan mata daga ƙofar jami'a, ɗaya ta kunna waya. Ga fiyano, ga murya siririya kamar an matse ta, sai na ji "Gero kwanta." Saura kaɗan in hau kan mai lemo. Na kasa kunne ina jiran shirun. Babu shi. Mawaƙin ya cusa sunan wata yarinya a wurin, har yana jan sa. Daga baya na ji a rediyo ana cewa shi ya ƙirƙiro waƙar.

Na bi tambaya har na samu shagon da suke ɗaukar waƙa. Mawaƙin saurayi ne dogo, wandonsa ya ɗame.

"Baba, ba inda za mu, nemi fasinja a gaba," in ji shi.

"Waƙar uwata na zo nema."

Mai fiyanonsa ya fashe da dariya. "Kai ma? Kwanan nan wani ya zo daga Kiyawa ya ce ta gwaggonsa ce. Ku yi layi mana!"

Mawaƙin bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ƙirƙira dai masu rediyo suka faɗa, ban kuma gyara musu ba. Amma ta kakata ce, ta wajen Buji, Allah ya ji ƙanta. A bayanta na ji ta."

"Kakarka ta zo Aujara ta ɗauka."

"Ko innarka ta zo Buji cin kasuwa ta tafi da ita a ƙwarya."

Bakinsa ya fi nawa kaifi. Na ce to ya shiga kekena mu je, mai waƙar tana nan da ranta. Ban zaci zai yarda ba. Ya shiga, har ya tsaya ya sayo goro.

Mun tarar da Inna a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni, ƙanwata na gefenta. Saurayin ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, wannan kam ba zan hana masa ba. Na zayyana ƙarata, na ce ga ɓarawon waƙa na kawo.

Ba ta juyo wajena ba. Ta ce da ƙanwata, "Tambayi wancan, wa ya ce masa tawa ce?"

Ta ce a bakin gwaggonta ta koya, wadda ta yi zaman aure a wajen Buji, gwaggon kuma ta ce a wajen matan Fulani masu tallan nono ta tsinci muryar. Su kuma Allah kaɗai ya san inda suka samo. Saurayin ya soma murmushi yana kallona. Na ji kamar in koma cikin keke in zauna.

"Kunna mu ji," in ji Inna.

Ya kunna. Tana gyaɗa kai, har leɓenta na motsi. Da aka zo kan sunan yarinyar, sai hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Tsaya. Wace ce wannan ka zaunar a nan?"

"Wadda zan aura ce, Inna."

"Allah ya sa alheri. Kakarka me take cewa a wurin nan?"

"Ba ta cewa komai. Shiru take yi. Na ɗauka tsufa ne, ta manta baitin, shi ya sa na cike."

"Ubanka ne babba a ɗakinta?"

"Shi ne."

"To, ɗan nan, ubanka ka tasa, ka zaunar da budurwa."

Ƙanwata ta toshe baki tana dariya. Saurayin ya sunkuyar da kai. Inna ta koma kan gyaɗarta, fuskarta na kallon katanga, ta ce, "Waƙa kowa ya ɗauka, ba a kulle take ba. Amma wurin nan da mai shi. Ni dai nawa ban taɓa ba wa kowa ba."

Furfura ta cika mini gemu kafin in ji wannan daga bakinta. Na tashi na je na duba tayar da ba abin da ya same ta.

Mawaƙin ya sake ɗaukar waƙar. Sunan yarinyar ya mayar da shi can ƙasan waƙar, ya bar gurbin, ya sa ƙarar dutse a ciki. Ta farkon tana nan a wayoyin mutane, ba mai iya kwaso ta. A rediyo yanzu cewa suke tsohuwar waƙar matan ƙauye ce, a tasha kuma 'yan Buji da 'yan Aujara suna nan suna musu. Ni na daina shiga.

Sabuwar nake kunnawa a keke. In an zo wurin, sai in sassauta mai don a ji shirun sosai. Jiya wani ma'aikaci da na ɗauko ya ce, "Malam, lafiya? Na makara fa."

Na ce, "Yi haƙuri, Alhaji, nan wurina ne." Da shirun ya wuce na ja muka tafi.