Bindigar ganin wata

Jiya ina shiga gidanmu na ƙauye, can bayan Kunci, sai na tarar da baƙo a zaure yana jujjuya tsohuwar bindigar marigayi kakanmu, Malam. Ƙanina ne ya kawo shi, wai mai sayen kayan tarihi ne.

Baƙon ya murje tsatsa da yatsa, ya nuna wa kakarmu Inna wani tambari.

"Inna, wannan ƙirar Jamus ce, ta sojojin da. Don yaƙi aka yi ta. Ki sayar mini."

Inna ta harare shi.

"Yaƙi kuma? Ni tun da aka kawo ni gidan nan, da azumi da sallah na san ta. Malam na hango jinjirin wata zai harba ta sama, duk ƙauyukan kewaye su ji."

Wallahi nan take na ji ƙaurin albarushi a hancina. Na tuno mu muna yara, mun toshe kunnuwa a bayan rumbu muna tsalle. Yanzu kowa a waya yake ganin wata.

Inna ta karɓe abarta, ta naɗe a bargon Malam.

"Ba ta sayarwa ba ce, ɗan nan. Muryarsa ce ta rage mini."

Ku fa, da me ake sanar da ganin wata a garinku a da?