Kawu Abdussalam, Mai Gaisuwa Daga Sama

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, daidai da 10 ga Jumada Ula, 1446, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, Kyaftin Abdussalam Muhammadu Sani, a wani asibiti a Kano, bayan gajeriyar rashin lafiya. Labarin ya iske mu ana tsakiyar sussukar gero. Kafin la'asar an kawo shi ƙauyenmu na Unguwar Mati, kusa da Makoda, an yi masa sutura a inda aka binne mahaifinsa.

Kawu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma da shi zan fara. A bayan babban rumbun gidanmu akwai wani lungu da nake ɓuya in karanta littattafan soyayya da nake aro a wajen ƙawayena. Wannan kam kowa ya sani, har an gaji da yi mini faɗa. Abin da ba a sani ba shi ne, daga lungun ana hango bayan ɗakin Inna Asama'u, mahaifiyarka. Shekara da shekaru ina kallonta. Duk sanda aka ji ƙugin jirgi, sai ta ajiye abin da take yi, ta ce bari ta dubo kaji, ta zagaya inda take zaton ba mai ganinta, ta ɗaga kai sama.

Kai ne ɗanta na fari, kuma Inna tana cikin tsofaffin da suka riƙe alkunya da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "mai kakin nan". In ka zo gida, sai ka tsuguna a ƙofar ɗakinta ka gaida labule, ita kuma daga ciki ta ɗaga murya ta ce wa mahaifiyata, "Rahmatu, ba a ba baƙo ruwa ne?" Shi ke nan an gama hira. Ina ƙarama na sha zama ina tunani, wai uwa da ɗa, ina suke ajiye maganar da ba su faɗa ba?

Daga baya na gane inda kuke ajiye taku. Lokacin kana sojan sama, bayan ka dawo daga fagen daga aka ba ka koyar da sababbin matuƙa a Kano, in kaka ta yi sai ka biyo ta kanmu da ƙaramin jirginka. Ka sauko ƙasa ƙasa har muna ganin rubutun jikinsa, ka karkata fiffike dama, ka karkata hagu, sannan ka cilla sama ka ɓace. Yara mu bi ka da gudu har bakin gonaki muna ihu. Wata shekara jakin Baba Dabo mai unguwa ya firgita, ya watsar da dammunan dawa ya nufi hanyar Ɗambatta, Baba Dabo na bin sa da rawani a hannu yana rantsuwar sai ya kai ƙararka. Da ka zo sallah kuwa shi ne ya fara tarar ka, yana tambaya yaushe za ka sake biyowa. A gaban mutane Inna cewa take, "Wannan hayaniya har kaji ta hana ƙwai." Amma ni na gan ta a bayan ɗaki, ta ɗaga faifai sama da hannu biyu, ba ta sauke ba sai da ƙugin ya mutu. Wannan ita ce gaisuwarku, kai ka gaishe ta, ita ta amsa, kuma ba wanda ya karya al'ada.

Sai ga shi ka ajiye kaki ka koma tuƙin jirgin fasinja a wani kamfani. Ya zo daidai da shekarun nan da komai ya yi tsanani, taki ya gagari manomi, gidaje da yawa aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Mutanen gari ba su ji daɗin labarin ba, don sun saba tinƙaho da cewa suna da soja a sama. Abokinka na ƙuruciya, Malam Jaji, ya tare ka a zaure ana cin tuwo ya ce, "To, soja ya koma lodi. Mene ne bambancinka da direbobin tashar Ɗambatta?"

Ka ce, "Bambanci ɗaya ne, Jaji. Ni ba na tsayawa ɗaukar na hanya."

Aka yi ta dariya, kai ma har da ƙwalla. Haka kake, ba ka ɗaukar zafi. Kuma su masu tsokanar sun san ko waye yake aiko da buhunan taki a ɓoye gidajen matan da mazajensu suka rasu, da wanda ya sa aka tayar da famfon burtsatsen masallaci bayan ya daɗe a mace. In ka zo da damina, takalmi kake cirewa ka naɗe wando ka karɓi fartanya, sai mun ga tafin hannunka ya yi bororo muke tuna cewa ka daɗe rabonka da ita. Ranar da naƙuda ta tsananta wa matar maƙwabcinmu, kai ka ɗauke ta a motarka cikin taɓo har asibiti, ka dawo da farar shaddarka kamar an tsamo ta daga kududdufi, ka ce ai wanki ne kawai.

Abu ɗaya ne ya canja: jirgi bai sake saukowa kan masussukarmu ba. Inna ta ci gaba da zagayawa. Jiragen da ke wucewa can ƙololuwa suke, ƙanana kamar shirwa, ba mai karkata wa kowa fiffike. A kakar farko ta ɗaga faifai, a ta biyu ta riƙe shi a hannu kawai. Wata rana na ji ta tana watsa wa kaji tsaba tana cewa, "Wanda ya samu manya yana ɗauka, ina zai tuna da masu sheƙar gero." Ba da fushi ta faɗa ba, Kawu. Da fushi ne da ya fi mini sauƙin ji.

Ni kuwa tambayoyi ne cike da kaina, sai dai baki ya ƙi. A littattafan da nake karantawa rabin samarin matuƙa jirgi ne, kullum cikin farar riga da turare, ba su da aiki sai sauka daga jirgi da kyautar zobe a aljihu. Na ƙudurta a raina lallai kai ma soyayyar matarka, Anti Maijidda, ce ta raba ka da soja. Sai a babbar sallar da ta wuce na samu ƙarfin hali, na kawo maka fura a gindin darbejiya, na ja hijabi na rufe rabin fuska na ce, "Kawu, saboda Anti Maijidda ka bar soja?"

Ka yi dariya har ka sarƙe. "Sakinatu, littattafan nan sai sun ga bayanki. Antin taki da ta ce kakin ya fi yi mini kyau?"

Sannan ka ce in zauna, ka ba ni labari kamar wata babba. Ka ce shekaru sun fara ja, ga bakuna da yawa suna kallon hannunka a nan gida. Ka ƙara da cewa, "Kuma na gaji da ɗaukar abin da ake saki daga sama. So nake in ɗauki abin da ake saukewa lafiya." Ban gane ba a lokacin, sai da na kwana biyu ina juya maganar.

Na ɗauka wanda ya tuƙa jirgin yaƙi, na fasinja wasa ne a wajensa. Ashe aji ka koma da furfurarka, kana haddace dokoki kana zana jarrabawa don neman lasisin farar hula. Ka ce akwai wata na'ura, akwati ce mai kama da goshin jirgi, ba ta zuwa ko'ina amma tana girgiza tana kawo hadari da gobarar ƙarya, a cikinta ka yi watanni kana gumi. Da ka fara aiki kuma, kujerar mataimaki aka ba ka, kana amsa umarnin yaron da a soja sai ya ƙame in ya hango ka. Na ce ba ka ji haushi ba? Ka ce ka ji mana, har na mako guda, daga nan ka lura yaron ya fi ka iya lallaɓa babban jirgi, sai ka buɗe kunne. Abin da ya fi ba ka wuya, in ji ka, shi ne mance abin da hannu ya saba. A soja an koya maka juya jirgi kafin ƙiftawar ido. A nan kuwa so ake ka juya shi yadda shayin da ke gaban tsohuwa ba zai zube ba.

A nan na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce me ya sa ba ka biyowa ta kanmu yanzu?

Ka ce sama ma tana da burtali, an shata wa kowane jirgi inda zai bi da tsayin da zai tsaya, ba ya kaucewa sai da izinin masu kula da hanya. Ka ce a bayanka akwai mutum fiye da ɗari, da mai goyo, da mai hawan jini, da wanda bai taɓa shiga jirgi ba yana ta salati, kuma amanarsu tana wuyanka. Sai ka dube ni ka ce, "Wa ya aiko ki?" Na ce ba kowa. Ka juya ka kalli labulen ɗakin Inna, ka daɗe, sannan ka ɗauki ludayi ka ci gaba da shan fura. Har yau ina son in san me ka so faɗa.

Tun ranar da aka kawo ka, Inna ba ta zubar da hawaye ba. Tana zaune a kan tabarma, in mata sun yi mata gaisuwa sai ta ce, "Allah Ya ba ku haƙuri," kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Ana ta yaba dauriyarta. Ni da nake ɗauke kwanonta na san yadda ake kai shi haka yake dawowa.

Ranar sadakar uku abokan aikinka suka zo daga Kano. A cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jirgi, Anti Falmata, 'yar Fagge, doguwa mai fara'a. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Mama, Kyaftin Abdussalam kullum..." Ba ta kai ƙarshe ba Inna ta miƙe ta ce awaki sun kwance, ta fice. Anti Falmata ta yi sororo, ta ɗauka laifi ta yi. Da na raka ta bakin mota na yi mata bayani a gurguje, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo ƙanwata, to ita ba ta sani ba ke nan? Mu fa duk mun san garin nan, daga sama. Duk ranar da muka tashi Kano za mu Sakkwato, yana hango ruwan Watari zai ɗauki lasifika ya ce, jama'a, masu zama ta hannun dama ku leƙa, akwai wani ƙauye can cikin gonaki, akwai wata tsohuwa a ciki, ku taya ni gaishe ta. Wallahi sai ki ga manyan alhazai suna ɗaga wa taga hannu. Akwai wani ɗan kasuwa mai yawan bin mu, tun a ƙofa yake tambaya, yau za mu gaida tsohuwa kuwa? Mu yi ta tsokanar sa, Kyaftin, tsohuwar nan ba ta da suna ne? Sai ya ce tana da shi, ba a bakinsa ba dai."

Kawu, ashe ba ka fasa ba. Ashe ma taron mutane kake gayyatowa, mu muna ƙasa ba mu sani ba. Tun ranar tambayoyi suka ƙaru mini. Yaya garinmu yake daga can? Ana bambanta gonar gero da ta dawa? Lokacin da kake saukowa da ƙaramin jirgi, kana ganin ta kuwa, ko zuciyarka ce kawai ta ba ka tana nan? Da na san tafiyarka ta kusa, da na ajiye kunya na tambaye ka duka.

Na gaya wa mahaifiyata abin da Anti Falmata ta ce. Ta yi kuka, ta ce ita ba za ta iya tarar Inna da zancenka ba, tun tana yarinya ba a yi. Anti Maijidda tana takaba a Kano. Saura ni. Ni jika ce, tsakanina da Inna ba labule, tana ce mini uwar karatun banza, ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Sau biyu ina zuwa in zauna kusa da ita da niyyar faɗa, ina tashi ban faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Da na fara, kai kaɗai nake yi wa, na yi niyyar in gama in ɓoye. Amma ga tsohuwa can tana zaune da zaton ɗanta ya bar duniya ya mance da ita, ni kuma na san ba haka ba ne.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Abdussalam, Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa amanar rayukan da ya sauke lafiya ta zame masa nauyi a mizani. Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Maijidda da 'ya'yansa Sama'ilu da Fadima, da mahaifiyata, da abokan aikinsa na soja da na kamfani, da dukan mutanen Unguwar Mati. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ita kuwa Inna, tata ta'aziyyar a hannu zan kai mata. Ba ta karatun boko, don haka na san za ta jujjuya takardar ta harare ni ta ce wane saurayin ne ya rasa wadda zai aiko wa sai ni. Zan ce ta zauna in karanta mata. Ta yiwu ta miƙe tun a layin farko, in ta miƙe zan bi ta duk inda ta nufa ina karantawa. Masu gaisuwa sun fara raguwa, na ji ta tana alwalar la'asar. Tana sallamewa zan shiga.