Shafukan da kakata ta soke a bango

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare a Dutsin-Ma, littafin Larabci ɗaya tak gare mu a laburare, kuma da shi duk ajin ke shirin jarrabawa. Ya tsufa har ɗinkinsa ya saki. Na aro shi na tafi da shi gida Rawayau hutun ƙarshen mako, na baje shi a tabarma don kowa ya san mai ilimi ya dawo. Ko karanta shi ban yi ba. Da na koma, abokina ya karɓa.

Ranar da ya mayar, malamin laburare ya ga babu shafukan tsakiya. Dama ya gaji da masu yage shafi su cusa a aljihu, sai ya ce wanda littafi ke hannunsa shi ne ɓarawo. Aka hana abokina shiga laburare, 'yan aji suka daina kula shi. Ya ba ni tausayi ƙwarai, duk da ni ma na ɗan zarge shi.

Da na sake zuwa gida, na hango takardu a tsagar bangon ɗakin kakata. Na zaro. Shafukanmu ne, gara ta ci rabi.

"Kaka, wa ya sa waɗannan a nan?"

"Ni mana. Iska ta watso su tsakar gida, ga sunan Allah a jiki, awaki na takawa. In zuba ido?"

Na gaya mata halin da abokina yake ciki. Nan take ta ce gobe a kira mata ɗan acaba. Matar da ko Kurfi ba ta yarda ta je a babur, ta ƙanƙame ƙarfe tana salati har Dutsin-Ma.

Ta ajiye shafukan a teburin malam. "Malam, ga ɓarauniyarku ta kawo kanta. Yaron nan kuma, a gaban mutane aka ɓata shi, a gabansu za a wanke shi."

Malam ya sunkuyar da kai, washegari ya wanke shi a asambili. Abin da gara ta ci kuwa ya tafi ke nan, kuma daga nan tambaya ta fito a jarrabawa. Duk ajin muka sha kashi.

Ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ina kewarta sosai. Har yau in na ga takarda a ƙasa sai na duƙa na ɗauka. Ranar jana'izarta, abokin nan nawa ya riga ni kama makara.