Ranar da na kira sunan ɗana

Har yau in anka ambaci malamin nan mai bincike a rediyo, kashewa nake. Sau ɗaya na taɓa ganin sa, a Dogon Dutsi, lokacin da anka tara mu malaman kwantiragi don horo. Ɗan Arewa ne kamar ni, wai, amma ya daɗe a waje yana rubuta littattafai kan yadda ake koyarwa. Ya tsaya cikin kwat da zafin nan, ya ce ya gano abin da ke kashe karatun yaranmu: ba mu kiran su da suna, ba mu yaba musu. Malamin kirki, in ji shi, ya dubi idon kowane yaro, ya kira sunansa, ya ce madalla. Munka tafa. Ni ma na tafa, tir da hannuna.

Kafin shekara ta zagayo, maganarsa ta zama doka. Da ita ake auna yaro, da ita ake auna malami, wanda ya faɗi kuma a soke kwantiraginsa.

Ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, cikin ajin zana. A ajin akwai ɗana na fari, mai sunan surukina. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunan nan ba. "Kai, wancan," nake cewa, ya taso. Duk garin sun san haka, kuma suna ganin girmana a kai.

Wanda ya zo auna ni wani saurayi ne, almajirin malamin a jami'a, komi ya faɗa sai ya ce haka farfesa ya nuna. Ya zauna a baya, na fara darasi. Na kira yara, na yaba, har da murmushin dole. Can sai ya nuna ɗana da biro.

"Madan, wannan ba ki kira shi ba."

"Mushe, ɗan fari ne, kuma sunan uban mijina gare shi," na ce a hankali. Madan da mushe muke ce wa malama da malami a makarantunmu, daga Faransanci.

"A aji babu ɗan fari. Kira shi, ki tambaye shi."

Haba! Shi ba Bahaushe ba ne? Uwarsa kiran sunan ɗanta na fari take? Amma mijina ya tafi ci-rani bai aiko ba, geron rumbu ya kusa ƙarewa, aikin nan shi ke riƙe da gidan. Ga dattawan gari zaune gindin iccen bedi jikin zanar, sun zo ganin baƙo, surukina a tsakiyarsu. Zana kuwa ba ta tare magana.

Na kira sunan.

Hirar waje ta tsaya cak. Yara sunka sunkuyar da kai. Ɗana kuwa ya waiga baya, ya waiga gefe, yana neman wanda ake kira. Na sake kira, da ƙarfi. Sai ya dube ni, ya gane, ya rufe fuska da hannu biyu ya fashe da kuka. Na yi masa tambayar da zai iya amsawa cikin barci, ya ci gaba da kukansa.

Saurayin ya kaɗa kai, ya ce malama ba ta da alaƙa mai kyau da ɗalibanta, yaro ma tsoron ta yake. Da damina ta faɗi, sunana ba ya cikin waɗanda anka sabunta wa kwantiragi.

Na ji an ce malamin ya sami lambar girma, ƙasashe da dama na bin tafarkinsa. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba. Aikin na jure rashinsa, na koma soya ƙosai, mun rayu. Amma surukina ya yi sauran kwanakinsa bai sake cin tuwon da na tuƙa ba.